Hannun Mai Walda a Bayan Katanga

Ɗan ƙanena mai walda ne. Ni na goya shi, don haka ina da lasisin faɗin aibinsa. Kansa ƙato, kunnuwansa na ado. Shekara talatin yana dukan ƙarfe, har ta kai in za ka yi masa sallama sai ka haɗa da jifa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne ƙararrawar sakandaren bayan layinmu. Shi ya yanka tsohuwar tukunyar gas, ya gyara bakinta, ya rataye ta a jikin ginshiƙin baranda. In maigadi ya kwaɗa mata guduma, har kajin gidana sai sun nutsu.

"Goggo, kin ji aikina?" yakan ce.

"Duk unguwa ta ji, kurma. Kai ne dai ba ka ji ba."

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, tun tana rarrafe take toshe kunne. Shagonsa a ƙofar gida yake. Da ya tayar da injin yankan ƙarfe sai ta dafe kunnuwa ta shige ƙarƙashin tebur. Muka ce shagwaɓa ce. Ni na fara faɗi ma, da yake bakina ba shi da murfi. Shi kuwa ya ce zai saba mata. Sai ya zaunar da ita kan bencin shago, ya haɗe wuyan hannayenta biyu cikin tafinsa ɗaya, da ɗayan yana bugun ƙarfe.

"Ki saba, Uwata. Da wannan ƙarar muke ci."

Shekararta biyar. Wata guda yana yi, har ta daina kuka. Muka ce ta warke.

Ta girma shiru-shiru, ga kan lissafi. Sai a shekararta ta ƙarshe a sakandaren aka kai ajinsu ɗakin da tagarsa ke kallon ginshiƙin nan. Ana buga ƙararrawa sai ta zabura ta yi waje, ta ture duk wanda ke gabanta, a tsinto ta bayan tankin ruwa. Sau bakwai a yini. Ran da ta kifar da wata malama da littattafanta, aka aiko wa uban takarda.

Ya kai ta asibiti, ni ma na bi, don ba a barina a baya. Likitar ta ce haka aka halicce ta, ƙarar da mu ke wuce mu, ita shigarta take kamar ƙusa. Ta ce in yarinyar ta san bugun na tafe, ta toshe kunne da wuri, za ta iya ɗauka. Bazatar ce ke kayar da ita. Shi da ba ya ji sai an yi ihu, ranar ya ji komai. Ya ce, "To ai da ta daina kuka tana ƙarama..." Likitar ta dube shi, ta ce daina kuka daban, daina jin zafi daban.

Muka dawo gida. Ya zauna kan bencin nan yana juya tafin hannunsa kamar na aro.

Washegari ya sa rigar da ba ta da ƙuna ko ɗaya, ya tafi ofishin shugabar makaranta da takardar likita.

"Ranki ya daɗe, a matsar da ƙararrawar can baya. Ni zan yi aikin."

"Malam, a wurin nan ne kowane aji ke jin ta."

"To a sanar da yarinyar kafin a buga."

"Yara ɗari takwas gare ni. In na yi wa ɗaya, gobe uwar mai jin tsoron alli za ta zo." Ta ture takardar gefe. "In 'yarka ta sake fita a guje sau ɗaya, ba za ta zauna jarrabawa a nan ba."

"Ni fa na ƙera ta," in ji shi, a hankali.

"Mun gode. Har yau ba ta ba mu matsala ba."

Sau huɗu yana komawa. A na huɗun ko kujera ba a nuna masa ba.

Sai ya samo wata dabara irin ta masu ƙaton kai. Akwai wurin da katangar makaranta ta zube, inda in ka tsaya kana hango ginshiƙin, kana hango tagar. Ya ce wa 'yar, "In kin ga na ɗaga hannu, ki toshe." Da fari da agogo ya yi aiki, ya sha kunya, domin maigadin ba ruwansa da agogo, sai ya shanye shayinsa yake tashi. Dole ya koma gadin maigadi. Da tsohon ya miƙa hannu ga guduma, sai hannun uban ya tashi sama. Ya rufe shago, masu ƙofofi da tagogi suka gaji da jira suka kai wa wani. Na ce masa, "Ka zama sandar tuta, saura a rataya maka ƙyalle." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Goggo, da hannun nan na hana ta toshewa."

A mako na uku maigadin ya tako har katanga.

"Kai, ɗan nan, kullum ka ɗaga mini hannu ina amsawa. Takara ka tsaya ne?"

Ya ba shi labari. Tsohon ya daɗe yana kallon gudumarsa, sannan ya ce, "Je ka buɗe shagonka, mai ƙaton kai."

Tun daga ranar, in zai buga sai ya ɗaga gudumar saitin tagar, ya ƙirga goma, sannan ya sauke. Shugaba ta gani daga ofis, ta kau da kai. Ba a rubuta a ko'ina ba. Amma yarinyar ba ta sake gudu ba, ta zauna jarrabawarta har takarda ta ƙarshe.

Ran da sakamako ya fito, ta kawo masa har shago. Ya kashe inji, ya goge hannu a riga, ya miƙa zai kamo hannunta don murna. Kafin ya kai, ta mayar da hannayen biyu baya ta ɓoye. Ba fushi take ba, murmushi ma take yi. Jikinta ne ya riga ta.

Ya sauke hannunsa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Yanzu ta yi nisa da karatu a wani gari. Shi yana nan, kurumcin ya ƙaru, ko aradu ba ya ji. Amma ya ce ƙararrawar ba ta barin kunnensa. Ina zaune a ƙofar gida nakan gan shi tsakiyar aiki, ko ran da ba makaranta, ya ajiye guduma ya ɗaga hannu sama yana kallon bencin. Da bakina da komai, wannan kam ban taɓa tsokanarsa a kai ba.