Baban Maraba, Mai Amsa Sallamar Baƙi

Kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu da safe, shi ya riga ya buɗe 'yar rumfarsa da ke ƙarƙashin matakalar bene. Ya share teburi, ya zuba ƙananan sukurori a murfin kwalba, ya goge gilasan agogunan bango da gefen rigarsa, sannan ya zauna jiran mai kawo gyara. To, wa ke kawo agogo gyara yanzu? Kowa lokacinsa na cikin waya. Wani yinin, in ban da mai canjin batir, ba mai ce masa ko sannu. Agogunan nan su ne abokan hirarsa, su kuwa maganarsu ɗaya ce tun safe har yamma.

Idan ya ga shirun ya yi yawa, sai ya gyara tabarau, ya ɗauko tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya shiga wani babban dandalin tattaunawa na intanet. A can ba wanda ya san shi da gyaran agogo. Baban Maraba ake ce masa.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, bari ya ji abin da zai tarar. Jama'a ce kamar ƙasa, an raba ta zaure-zaure: masu zancen girki, masu zancen ƙwallo, masu ciwo da masu jinya, da masu gardamar da ko su kansu sun manta mafarinta. Baƙo zai shigo da ɗokinsa, ya rubuta sallama, ya ce shi sabon zuwa ne. Kafin ya ƙifta ido, maganganun wasu sun binne tasa. In ya yi sa'a a yi masa shiru. In bai yi ba, wani ya ce, "An yi wannan tambayar tun bara, je ka bincika." Da yawa daga nan suke juyawa, ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Shi Baban Maraba ba ya zuwa inda ake hayaniya. Can ƙasa yake gangarawa, yana neman saƙon da ba wanda ya tanka wa. Kullum da kalmomi iri ɗaya yake farawa: "Sannu da zuwa, mun gan ka." In mace ce, "mun gan ki." Sai ya ɗora da 'yar nasiha: "Kada ka ji haushi in an yi maka shiru, ba ƙi ba ne, yawa ne ya yi yawa. Ɗan zauna ka karanta kafin ka tsoma baki. Za ka haɗu da masu faɗa, ba da kai suke ba, da safiyarsu suke. Kada ka ba kowa kwatancen gidanka don kawai ya kira ka ɗan'uwa. Tambayarka kuma, kai ta zauren masu gyaran mota, can za su san kanta."

Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki. 'Yarsa, wadda ke aure a wani gari, ita ta ba ni labarin mafarinsa. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta ga gidan ya yi masa faɗi, sai ta buɗe masa dandalin ko zai samu abokan hira. Abin da ya fara rubutawa tambaya ce: yaya ake auna shinkafar mutum ɗaya? Duk wadda ya dafa ta mutum biyu take fitowa. Ya yi ta dubawa, ba amsa. Ta ce bai taɓa yin ƙorafi ba. Kawai dai tun daga makon, duk wanda aka yi wa irin wannan shirun, Baba na can ya amsa masa.

Wani direban babbar mota yana cikin waɗanda ya tarba. Ya shigo yana tambayar yadda mutum zai yi da kaɗaicin doguwar hanya, rubutunsa duk a karkace, aka yi masa caa da dariya. Ya riga ya ɗora yatsa zai fita ke nan, sai ga saƙon Baba. "Rabu da su, ɗana. Wanda ya riƙe sitiyari yini guda ba a tambayarsa kyan rubutu." Direban ya ce a gefen titi ya karanta, ya daɗe bai ta da mota ba.

Kai ne mai amsa sallamar da gida ya yi kunnen uwar shegu da ita, Baba. Kai ne ka san cewa mutum bai cika neman a warware masa matsala ba kamar yadda yake neman a ce an ji shi. Shekara da shekaru kana wannan, ba lambar yabo, ba ko na gode mai kauri.

Sai ido ya fara gardama. Sukurorin da ya saba ɗauka ba tare da dubawa ba suka koma ɓuya. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, za a yi aiki, waya kuma a ajiye ta. 'Yarsa ta zo jinya. Kafin ya miƙa mata wayar, ya rubuta saƙonsa na biyu da ya taɓa yi don kansa: cewa zai tafi hutun dole, wani ya taimaka ya riƙa leƙa baƙi.

Abu ɗaya yake so, ko bai faɗa ba: a amsa.

Shiru. 'Yar ta kasa haƙuri, ta rubuta wa ɗaya daga cikin masu kula da dandalin, ta ce haba, ko sannu ba za a yi wa tsohon nan ba? Ga amsar da ta samu: "Au, wai mutum ne? Wallahi mun zaci na'ura ce aka saita." Kalmomi iri ɗaya, kowace safiya, ba fashi, ba fushi. Wane ɗan Adam ne zai iya? Mai gyaran agogo ya cika alkawari har aka daina ɗaukarsa mutum. Ni dai wannan abu ya yi mini ciwo.

Ba ta gaya masa ba. Kowace safiya, ido a naɗe da bandeji, sai ya juyo wajen motsinta.

"Uwata, an amsa?"

"Sabis ne babu, Baba."

"Sabis ɗin da ke kawo miki hotunan ƙawayenki kina ta ƙyalƙyala dariya?"

Ya gane ba a amsa ba. Ya san irin wannan shirun, ya taɓa cin shinkafarsa.

Ana nan sai direban nan ya dawo daga wata doguwar tafiya. Ya leƙa ƙasa, ya ga sallamar baƙi ta taru ba mai tankawa, ya ce lafiya? Ya bi sawu har ya iske saƙon Baba, shi kaɗai, ba kowa a ƙarƙashinsa. Da karkataccen rubutunsa ya rubuta: "Sannu Baba. Mun gan ka."

'Yar ta karanta masa. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ta ce, "Guda ɗaya ce fa, Baba, duk yawan mutanen nan."

Ya ce, "Ai ta farkon ita ce mai wuya. Gangara ƙasa ki duba mini, wa ya shigo yau?"

Mun gode, Baban Maraba. Allah Ya buɗe idon nan, Ya saka maka da abin da mu muka kasa. Ku kuma masu karatu, kowannenku na da wani dandali a cikin wayarsa. Ku bar inda ake hayaniya, ku gangara ƙasa. Akwai wanda ya yi sallama tun safe, yana ta duba wayarsa.