Muntaka Mai Gonar Kufai

In baƙo ya shiga Alkalawa ya tambayi gidan Muntaka ɗan Dalhatu, sai an tsaya ana tunani. Amma in ya ce Muntaka na kufai, ko tsohuwa mai sai da daddawa sai ta nuna masa da haɓa. Gonarsa tana cikin tsohon birnin Gobir ne, wanda yaƙi ya ci fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Ba abin da ya saura a wurin sai tuddan ƙasa inda ganuwa ta zube, da ramuka, da wata tsamiya da mutum uku ba su iya rungumewa.

Ubansa Dalhatu daga wajen Kamarawa ya taso a wata shekara ta yunwa, shi da matarsa da jaki ɗaya. Da ya roƙi gona, mai gari ya ce fadama duk da masu ita, sai dai in zai iya da kufai. Mutane kuwa gudun wurin suke yi, wai akwai mutanen ɓoye. Dalhatu ya ce, "Ni da su dut bayin Allah muke. In sun bar mani wuri, ni ba ni tsokanassu." Ya kafa fartanya. Ashe ƙasar da dubban mutane suka zauna a kanta toka da juji sun ratsa ta. Geronsa ya yi zangarniya har maƙwabta suna zuwa kallo.

A nan Muntaka ya tashi. Ba ranar da za a yi noma fartanya ba ta yi ƙara a kan wani abu ba. Uban yakan tsince tsingaro ya watsar a kan iyaka, shi kuwa Muntaka sai ya bi ya ɗauko. Akwai mai zanen igiya, akwai mai ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, irin da ba mai ginin tukwane a ƙasar da ke yin sa yanzu. Ya tsinci kan kibiya, da guntun linzami, da tukunyar taba, da duwatsun wuya shuɗɗa. Bai yi boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba, amma kowane ɗaya ka ɗaga zai gaya maka inda ya fito da damanar da ya fito.

Bayan ya auri Basira, ya gina ɗan ƙaramin ɗaki a bayan gida. Ta ɗauka na awaki ne. Da ta leƙa ta ga abin da ya jera a ciki, ta riƙe baki.

"Maigida, mutane na gina rumbu su zuba hatsi, kai ko kana yi ma hwasassun tukwane ɗaki?"

"Wata ta yi tuwo cikinsu, Basira, kamar yadda kike yi."

"To Allah shi jiƙanta," in ji ta, ta koma kan dakanta. Amma ko sau ɗaya ba ta bar kaza ta shiga ɗakin ba.

Mutum ɗaya da bai taɓa yi masa dariya ba shi ne Yero, wani makiyayi da kan sauka da shanunsa a gonar kowace kaka, su ci kara su bar taki. Kofaton shanu kan tono abin da fartanya ta tsallake. Yero kan zo da shi a aljihun taguwa, ya ajiye gaban Muntaka ya ce, "Shanuna sun hi ka tono." Shekara ashirin da wani abu suka yi a haka.

Wata rana da rani mota ta tsaya a bakin gari, aka fito da wata tsohuwa mai tsagar Gobirawa har kunne. Hajiya Tani sunanta, daga Tsibiri ta ƙasar Nijar. Ta ce a gidansu ana faɗi cewa kakar kakarta a goye aka fitar da ita daga birnin nan ranar da ya faɗi, kuma gidansu na cikin birnin yana kusa da marina. Tana so ta ga wurin kafin ta mutu. Dattawa suka dubi juna, aka ce a kira Muntaka.

Ya san wurin. Akwai wani gefe da in an tona ƙasar takan fito da duhun baban rini, ga ramuka jere da suka cike. Ya riƙe mata sanda har can. Ta zauna a ƙasa, tana shafa ƙasar da tafin hannu. Da suka dawo ya shiga ɗakinsa ya ɗauko ɗan dutsen niƙa da ya tsinta daidai wurin, wanda hannu ya cinye har ya yi santsi, ya miƙa mata.

Ta juya shi, ta kara a kumatunta, sannan ta mayar masa.

"Bar shi nan, ɗana. In na tahi da shi, wanda za ya zo bayana mi za shi gani?"

Maganar nan ta zauna wa Muntaka a rai. Da can sha'awa ce kawai take sa shi tsince-tsince. Daga ranar ya ɗauki kayan a matsayin ajiyar mutane. Hajiya Tani ta koma ta ba da labari, aka fara zuwa daga Tsibiri da Maraɗi, har da malaman makaranta daga Sakkwato.

Sai ƙasa ta rikice. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyukan Isa da Sabon Birni, noma ya gagara. Wata safiya labari ya zo cewa an shiga ƙauyen da ke gaba da su. Kafin azahar gari ya watse. Muntaka ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya ɗauki abin da kai zai iya ɗauka, suka nufi Sabon Birni wurin wan Basira.

Damana biyu suka yi a can. Muntaka yana ban ruwa a lambun wani, ya rame, maganarsa ta ragu. Ana nan sai wani mutumin garinsu da ya saci jiki ya je duba gida ya dawo ya ce masa ya hangi Yero da idonsa yana fasa kwaɗon ɗakin. A lokacin kuwa duk wanda ke bin shanu abin zargi ne. Ranar Muntaka bai ci tuwo ba. Basira ta ce, "Ka san mutum shekara ashirin, kada maganar yini guda ta rushe shi." Ya ce ya ji. A zuci kuwa bai sake ba.

Da abubuwa suka ɗan lafa suka koma. Rumbunan gari an ƙone su, nasa ɗakin ba jinka, ƙofa a karye, ciki wayam. Ya tsaya a bakin ƙofar har Basira ta ja hannun rigarsa.

Bayan an yanke gero sai ga Yero. Shanu arba'in Muntaka ya san shi da su, yanzu bakwai yake kore da su. Sauran kuwa ɓarayi sun kwashe, shi ma da ƙyar ya tsallaka Nijar da iyalinsa. Suka gaisa a tsaye. Yero ya ce, "Ɗauko hauya ka biyo ni."

Ya kai shi gindin tudun ganuwa ta gabas, ya auna taki bakwai daga wata bishiyar geza, ya ce a tona. Kamu biyu aka yi sai ga bakin buhu. Buhu huɗu ne, kowane abu an naɗe shi da ciyawa, duwatsun wuyan kuma an zuba su cikin goran nono an toshe.

"Na ga sun hwara ƙone-ƙone," in ji Yero. "Nic ce in wuta ta ci jinka, katanga ta hwaɗa masu. Ban da mabuɗi, shi ya sa nib ɓalle."

Muntaka ya zauna a bakin ramin, ya rufe fuska da hannu. Sannan ya ce, "Yero, ka gahwarce ni. An gaya mani, kuma na zarge ka."

"Ko ni aka gaya ma, haka za ni yi. Tashi mu kwashe, rana na yi."

Tukunyar taba ce kaɗai ta karye. Basira ta liƙe ta da ƙaro.

Har yanzu hankali bai kwanta duka ba. Akwai ranakun da ba a zuwa gona mai nisa. Amma labarin buhunan ya zaga ƙauyuka, kuma ya sa wasu da suka daina gaisawa da makiyaya sun koma gaisawa. Wani manomi daga Unguwar Lalle ya kawo wani tsohon ƙarfen ƙafa da ya tono a gonarsa, ya ce a haɗa da sauran. Wasu suka bi sahu, har ɗakin ya yi kaɗan. Bana Muntaka, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya fara buga tubalin ɗaki na biyu. Mai gari ya ce ba shi kaɗai zai yi ba, ya sa aka yi gayya. Mutum goma sha tara suka fito ranar Asabar, mata suka dama fura, Yero ya kawo nonon. Kafin la'asar katanga ta kai ƙirji.