Ba abin da aka ce ba ne, tibi ne

Na daɗe ban leƙo nan ba. Masu tambaya ko Hannatu mai kunun zaƙi ta bar Kusada, ina nan, jinya na sha.

Da tari abin ya fara. Sai zazzaɓin yamma, sai gumi, sai rama, har zanena ya fara zagaye ni sau biyu.

Maigidana Ishaku ya ɗora ni a babur zuwa asibiti a Kankia. Aka gwada majina da jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce, "Tibi ne, wato tarin fuka, kuma ana warkewa. Kada dai ki tsallake magani." Maganin kyauta ne, amma zirga-zirga da abinci sai da suka cinye akuyata.

Ban ji tsoron mutuwa ba kamar yadda na ji tsoron abin da ya biyo baya.

Mama Tabita, shugabar zumuntar mata a cocinmu, ta zo dubiya, ta ga an ware mini kofi da kwano. Daga nan ta wuce ta ce a sa ni a addu'a, wai cutar zamani ce, wato ƙanjamau, ta kama ni. Da sunan addu'a maganar ta gama gari.

Har Yashe ta kai, kunnen Innata. Na rantse mata a waya cewa ƙarya ce. Ta ce, "Ɗiyata, ki daina ɓoye mani." Hawan jini gare ta. Ta rasu da damina, ina kwance, ko jana'iza ban je ba.

Da na fara samun sauƙi, likita ya ce ba na yaɗa cutar kuma. Sai ga Mama Tabita da kuka. Ta ce, "Na roƙi Ubangiji gafara, ke ma ki yafe mani." Na zuba ruwa a kofina na miƙa mata. Ta ce ba ta jin ƙishi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, a gaban jama'a kika ɓata ni, a ɗaki kuma kike tuba?" Ta tashi ta fita, ban yi zaton zan sake ganin ƙafarta ba.

Ranar Lahadi ta miƙe a tsakiyar sujada, ta ce ƙarya ta yi mini, kuma ta ajiye shugabanci. Da na gama magani na koma kasuwa, ba mai tsayawa wurina. Ita ta zo ta zauna a bencina, ta karɓi kofin da nake sha, ta shanye kunun a gaban kowa. A ranar na yafe mata.

Daga baya ta roƙe ni in raka ta Yashe. Ta bi gida gida tana janye maganarta. A ƙarshe muka tsaya a kabarin Inna.

Yau na warke. Na gode wa Allah, da Ishaku da bai taɓa matsar da tabarmarsa daga tawa ba, da ma'aikatan asibiti.

Idan tari ya wuce mako biyu, ku je a gwada. Idan kun je dubiya, ku bar abin da kuka gani a ɗakin. Wanda kuma yake da maganar da zai janye, ya janye ta da wuri. Kowa ya ji gaskiya, ban da Inna.