Teburin Kawu Orest

Kwamitin ɗakin taron garinmu Berezna ya fitar da teburin Kawu Orest waje. Yana can bayan ɗakin, jingine da bango, dusar ƙanƙara ta binne shi har rabi. A madadinsa sun sayo fararen teburan roba masu naɗewa, waɗanda ko gwiwar hannu ka ɗora sai sun yi kuka. Ba wanda suka tambaya. Da na tare shugabansu, Darcy Prokop, a ƙofar gidan waya, cewa ya yi teburin ya cika nauyi, ba mai iya jan sa in za a yi shara, kuma da hanya ta bushe juji za a kai shi.

Na ce, “Darcy, ni na yi renonka. Kai ma akwai lokacin da ba mai iya ɗaga ka, ba mu kai ka juji ba.”

Ya yi dariya ya shige motarsa. Tunda yaran yanzu ba su san mai teburin ba, bari in gaya musu.

Orest Danyliuk ƙanen mahaifiyata ne, manomin alkama, mai gyaran tarakta in an gama girbi. Bai yi nisa a makaranta ba, tafin hannunsa kuwa kamar faifai. Ina yarinya aka fara raɗe-raɗin za a rufe layin dogon da ke kwashe mana alkama. Manoma suka taru suka rasa wanda za su tsayar takarar majalisar ƙasa, sai suka tsayar da shi, don ya fi kowa murya a coci. Matarsa, Inna Stefka, ta ce su daina wahalar da kansu, mutumin da bai iya saya wa kansa safa ba, wa zai ba shi ƙuri'a? Sai ga shi ya ci, da ƙyar.

A Ottawa, babban birnin ƙasa, can layin baya na zauren majalisa aka ajiye shi, jikin labule. 'Yan majalisa biyu ke raba tebur ɗaya, shi kuma aka haɗa shi da Gédéon, wani likitan dabbobi daga yankin Kebek. Gédéon Faransanci yake ji, Kawu kuwa Turancinsa ma rabi yaren Yukren ne. Abin da ya haɗa su kubasa, naman nan namu mai tafarnuwa, da Inna Stefka ke cusa masa a akwati. An hana ci a zauren, amma Kawu na ɓoye shi a aljihun tebur, ya yanka da 'yar wuƙarsa, ya miƙa wa Gédéon ta ƙasa.

A zamanin nan ba a tafi a majalisa. In magana ta yi wa mutum daɗi, tebur yake duka da tafin hannu. Sau ɗaya tak Kawu ya miƙe ya yi jawabi, a kan layin dogon nan. Ya ture takardar da aka rubuta masa, ya gaya musu abin da ke samun gari in jirgi ya daina tsayawa: rumbu ya tafi, kanti ya bi shi, makaranta ta biyo baya. Yana zama, Gédéon da bai ji ko rabin maganar ba ya hau dukan tebur. Layin baya ya ɗauka, ya tsallaka har ɗaya ɓangaren. Kawu ya ce ƙarar kamar ruwan farko a kan rufin kwano. Har ya tsufa in ya zo nan a labarin sai ya tsaya ya share hanci.

Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Gwamnati ta faɗi, aka koma zaɓe, Kawu ya sha kaye, layin dogon kuma aka rufe shi. Ya dawo da akwatinsa da kwat ɗinsa guda, ya koma ƙarƙashin tarakta.

Ba a daɗe ba aka yi bikin yayata Lesia a ɗakin taro. Uban ango ya gama jawabi, kowa na tafi, Kawu ya manta inda yake, ya ɗaga hannun nan ya maka wa tebur. Ƙafar tebur ta karye, tukunyar jar miyar borsh ta ƙare a cinyar Fada, limamin cocinmu.

Inna Stefka ta ce, “Ranka ya daɗe ɗan majalisa, an sallame ka fa. Nan miya ce a kai, ba doka ba.”

Maƙwabcin Kawu, tsoho Metro, ya ce ya goyi bayan ƙudurin, ya buga nasa teburin don tsokana. Kafin ka ce me, ɗakin duka ya ɗauka, har Fada, da miya a riga.

Da aka rushe rumbun alkama na bakin layin dogo, Kawu ya kwaso katakonsa, wanda ƙwayar alkama ta yi shekara da shekaru tana gogewa har ya yi santsi. Ya kwashe sanyin shekarar yana aiki a rumfarsa, ya haɗa teburin da zai iya ɗaukar duka. Tun daga nan aka daina tafi a Berezna. Biki ne, baftisma ce, yaro ya gama makaranta, ko yaranmu sun ciwo wasan hoki, tebur ake duka. Baƙi kan zabura, mu kuwa ko a jikinmu.

A bakin teburin yake zama ran Asabar, mutane na kawo masa matsalolinsu kamar har yanzu yana kan kujerar majalisa, shi kuma ya saurara, ko ba abin da zai iya. Inda hannunsa ke sauka katakon ya ɗan lotsa. Gédéon ya taɓa zuwa a bas, ya tsufa tukuf. Suka wuni a wurin suna cin kubasa, ban ji sun haɗa jimla ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na ranar ba.

Ran da muka binne shi, aka zauna cin abinci a teburin. Inna Stefka ta sa hannunta a wannan lotsin, ta buga a hankali. Muka bi ta. Ba wanda ya yi jawabi.

Watan jiya an yi biki a ɗakin. Uban amarya ya gama magana, hannaye suka ɗaga, aka dubi robar nan, sai aka tafa. Ni dai ban tafa ba.

Darcy, da kai da kwamitinka, ku ji ni. Dusar nan ta kusa narkewa, kuma in ruwa ya shiga katakon zai tsage, ba mai sake haɗa shi, don babu wani rumbun da za a rushe. In shara ce damuwarku, ni zan riƙa durƙusawa in share ƙarƙashinsa. Ku nemo maza ku shigo da teburin kafin Lahadi, ku ajiye shi inda kuka same shi, gefen lotsin yana kallon ƙofa.