Awadiyya da Ciyawar da Ake Rubutu a Kanta

Awadiyya Bahaushiyar Kosti ce, a bakin kogin Farin Nilu aka haife ta, kuma saƙar tabarma ta gada. Yaƙi ne ya kawo ta Alƙahira ita da 'yarta Wijdan, suka kama ɗaki a unguwar Faisal. Aikin da ta fara samu shi ne shara da goge-goge a wani shago kusa da Haram, unguwar da dalar Fir'aunoni take, inda ake sayar wa masu yawon buɗe ido takardun zanen Fir'aunoni.

Wata safiya tana goge ƙasa sai ta ga mai shagon, wani dattijo da ake kira Amm Hasan, ya ɗago wani kara kore mai kusurwa uku yana nuna wa baƙi. Ta ajiye tsumma ta matso. Ai ta san karan nan! Shi ne yake toshe wa masunta hanya a kudancin garinsu, suna sara suna tsaki.

Da baƙin suka fita ta ce, "Amm Hasan, wannan ciyawar me take yi a nan?"

"Bardi ke nan, ya Umm Wijdan. Duk takardun da kike goge wa ƙura da shi aka yi su."

Ba ta yarda ba sai da ya fere koren bayan, ya yanka farin cikin siri-siri, ya ciro wasu da suka jiƙu a ruwa ya jera su, wasu a tsaye wasu a kwance, ya danne da ƙarfe. Ta ce to ina ƙaron da zai manne su? Ya ce babu, da kansu suke kama juna.

Daga ranar ta hana shi sakat da tambaya. Ya ce mutanen dā sun yi kwalekwale da shi, sun yi igiya da takalmi, har gindinsa suna ci. Nan take ta gutsuri gindin ta tauna, ta ce kamar rake ne da ya manta zaƙinsa. Ya faɗa mata akwai lokacin da ciyawar ta kusa ɓacewa a Masar, sai da aka koma shuka ta a gona. Wannan ya fi komai ba ta dariya, wai abin da ake zagi a garinsu shi ake yi wa ban ruwa.

Ta roƙi guntaye ta tafi da su gida. Ta jiƙa a roba, ta jera, ta danne da katifa. Takardar farko ta yi baƙi ta fara wari, Wijdan ta toshe hanci ta ce, "Yumma, khalas, ya isa haka, maƙwabta za su kore mu." Ta biyu ta rabu gida biyu. Sai ta tuna a saƙa idan kaba ta yi kauri ba ta lanƙwasuwa, ta ƙara sirantar da yankan, ta murje da kwalba, ta ɗora tukunyar girki cike da ruwa a kai.

Wannan karon ta fito. Karkatacciya ce, gefenta duk gashi-gashi, amma da ta ɗaga ta ga hasken taga sai ta ga zaruruwan sun ratsa juna.

Awadiyya ba ta yi boko ba, ba ta kuma saba riƙe alƙalami ba. Ta daɗe tana juya takardar. Can ta kwaɓa lalle, ta zana irin furen da take yi wa amare a tafin hannu. Da ya bushe ta kankare, jan ya zauna daram.

Da ta kai ta shago, Amm Hasan ya sa tabarau ya duba gaba da baya. "Tun ina yaro nake wannan sana'a, ban taɓa tunanin lalle zai kama ba. Tamam." Ya rataye ta a bayan teburinsa.

Har yau tana shara a shagon. Sai dai yanzu koren bawon da ake zubarwa ita take kwashewa. Takalmi take son saƙawa irin na mutanen dā. Ta gama ƙafar hagu, ta dama kuwa ta warware ta fi sau nawa, don igiyar babban yatsa ta ƙi zama.