Malamar da Ta Ƙi a Ɓoye Yara Goma Sha Bakwai

Ƙarfe shida da rabi take isa ƙofar makarantar firamaren unguwarmu. Maigadi ya ce shekara ashirin da tara ke nan, in ka ga ba ta zo ba, to haihuwa ta yi. Tana shiga aji sai ta goge allo, ta jawo bencin baya ta kawo shi gaba, ta zaunar da yaran da karatu ke ba wuya. Awa guda take yi da su kafin a kaɗa ƙararrawa. Yaro ya yi tuntuɓe a layi, ba tsawa ba bulala, sai ta ce, "A sake." Ya sake, ta ce, "A sake." Har sunan ya bi ta, kowa Malama A-Sake yake ce mata.

Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya min tana shekara tara ba ta iya rubuta sunanta ba, a kan bencin nan ta koya. Makanikin da ke bakin titinmu ma haka, ya ce ba don ita ba da har yau da hoto yake gane kwalin kayan gyara.

Ranar Juma'ar nan Malama take ajiye aiki. Ba taro, ba jawabi, ba ko kujerun haya. Da laifi a kanta za ta tafi, laifin da ba nata ba. Ni tela ne, rubutu ba sana'ata ba ce, amma raina a ɓace yake kuma na gaji da haɗiyewa.

Ga yadda abin yake. Duk shekara hukumar ilimi ta jiha kan yi wa 'yan aji shida jarrabawa iri ɗaya, a duba makin yaran kowace makaranta, a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Tamu ba ta wuce ta huɗu. Har a bango aka rubuta da fenti, mu iyaye muna ta hura hanci. Abin da ba a rubuta a bangon ba shi ne, ana saura mako guda, hedimasta kan kira iyayen yaran da ba a sa ran za su ci, ɗaya bayan ɗaya, ya ce su riƙe su a gida ranar. Wanda bai zauna ba, ba a lissafa shi.

Malama ba ta san da wannan ba, don a aji uku ta yi rayuwarta. Bara ne aka mayar da ita aji shida. Bara ne kuma aka kira ni a kan 'yata, Auta.

Hedimasta ya ba ni kujera, ya sassauta murya. "Baban Auta, yarinyarka akwai ladabi, amma kan nan sai a hankali. Ranar Talata ka bar ta ta huta. Mu a nan za mu rubuta zazzaɓi."

Na ce to. Har godiya na yi masa, Allah Ya yafe min.

Ranar Talata da ƙarfe bakwai ina buɗe shago, Auta na share min zare a ƙarƙashin keken ɗinki, sai ga Malama a bakin ƙofa. Bayanta yara goma sha shida a jere, wasu ko wanka ba su yi ba. Gida-gida ta bi ta kwaso su.

"Baban Auta, ina kwana. Ina yarinyata?"

"Malama, ai ba ta jin daɗi."

Ta leƙa ta gan ta da tsintsiya a hannu. "Auta, ina ke miki ciwo?"

Yarinyar ta dube ni, ta dubi ƙasa. "Baba ya ce zazzaɓi nake yi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Malama ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Wata takwas yarinyar nan tana zuwa min shida da rabi. Ka taɓa tambayarta me take zuwa yi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baban Auta. Ke, ɗauko fensirinki."

Yara sittin da huɗu suka zauna jarrabawar maimakon arba'in da bakwai. Da sakamako ya fito, makarantarmu ta faɗo daga ta huɗu zuwa ta ashirin da tara. Cikin yaran nan goma sha bakwai, biyar sun ci. Auta ba ta ci ba, arba'in da ɗaya ta samu, ana neman hamsin. Amma ranar da ta dawo daga jarrabawar ta ce min, "Baba, duk tambayoyin ni na karanta da kaina." Shekararta goma sha biyu, ban taɓa ganin ta ɗaga kai haka ba.

Sai aka kira taron iyaye. Mai kantin magani ya miƙe jijiyar wuya a waje, "Ta zubar mana da mutunci! Yanzu da wane ido za mu dubi sauran unguwanni?" Aka tafa masa. Sufeton makarantu ya zo da jakarsa. Bai tambayi daga ina yara goma sha bakwai suka faɗo ba, bai tambayi wane irin zazzaɓi ne ke kama yara a rana ɗaya duk shekara ba. Abin da ya dame shi kawai, me ya sa maki ya sauka.

Malama ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, maki bai sauka ba. Bana ne kawai aka auna shi duka."

An bar jaki ana dukan taiki. Aka sa mata takarda a fayil wai ta yi sakaci da aiki, aka cire ta daga aji, aka tura ta ɗakin ajiyar littattafai tana kaɗe ƙura. Hedimasta yana nan a kujerarsa. Ni kuma ina cikin taron nan, a layi na biyu, na san komai, ban ce uffan ba. Na ji kunyar a san 'yata na cikin waɗanda ake ɓoyewa. Wannan shirun nawa ya fi komai ƙona min rai.

Malama, ke ce uwar 'yan bencin baya. Ke ce kika ga 'ya'yanmu mutane ne a lokacin da mu da muka haife su muka yarda a shafe su daga lissafi. Kin san abin da zai biyo baya, saura miki shekara ɗaya ki tafi da sunanki fes, kika zaɓi ki bi gida-gida. Ko a ɗakin littattafan ba ki daina ba, mai sharar makarantar ta ce har yanzu yara na zagayowa ta taga da safe da littafinsu. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ni kuma ki yafe min.

Ku malamai da kuka rage, kun ga yadda ake yi, kuma kun ga abin da ake biya. Amma mace ɗaya ake iya turawa ɗakin ƙura, ba za a tura ku duka ba.

Ku iyaye, saura mako guda jarrabawar bana, kuma babu wadda za ta ƙwanƙwasa muku ƙofa. An riga an fara kira. Jiya maƙwabcina mai gyaran waya ya shigo shagona, wai hedimasta na nemansa gobe a kan ɗansa, me zai ce masa?

Na ce, "Ka gaishe shi da kyau, ka ce lafiyar yaronka ƙalau."