Dakta Sharhabil, Wanda Ya Gano Hanyar Ruwan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, labari ya iso mana Badarawa cewa Allah Ya karɓi ran Dakta Sharhabil Labaran a gidansa da ke Unguwar Rimi.

Likita, mu iyalan Malam Sanda mun san abin da muka rasa. Lokacin da aka kai maka mahaifinmu, ruwa ya cika masa ƙirji, a zaune yake kwana. A zuƙe yau, jibi ya dawo. Unguwa kuwa ta riga ta yanke hukunci, wai tarin tibi ne. Aka ware masa kwano da moɗa, iyaye suka janye 'ya'yansu daga makarantarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana biya wa mutane karatu, ga shi yana cin tuwo shi kaɗai! Wallahi wannan ya fi ciwon cin ransa.

Ka duba shi a natse, ka ce kana zargin hanta. Ka tura mu Abuja hoton nukiliya. Da Malam ya ji sunan, sai ya ce, "Ɗana, bam za ku sa mini?" Ka yi dariya, ka ce ɗan ɗigon magani ne da za a sa a ciki, na'ura ta bi sawunsa. Haka aka yi. Hoton ya nuna ruwan yana hawa daga ciki zuwa ƙirji ta wata 'yar kafa a tantanin da ya raba su. Ashe ana ta kwalfar rijiya ba a toshe idonta ba. Ka hana gishiri, ka sauya magani, daga baya aka ɗinke kafar.

Amma hoto ba ya shiga kunnen maƙwabta. Sai ka zo da kanka ranar Juma'a, ka zauna a ƙofar gida, ka sa hannu a kwanon Malam, jama'a na kallo. Kafin wata ya mutu, makaranta ta cika.

Mun ɗauka kai za ka raka shi makwanci. Sai ga Malam a gaban sahu yana yi maka sallah.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Uwargidan Likita, Hajiya Mansura, da yara, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu.

Ubaidullah Malam Sanda, Badarawa, Kaduna.